Kowace Saƙa da Lokacinta

A gidajenmu, idan aka ga mace da saƙa uku ko huɗu a hannu, kowace an fara ta amma babu wadda aka gama, hukuncin da ake yanke mata ba ya wuce guda ɗaya, wato ba ta da haƙuri, kuma idonta ya fi hannunta sauri. Goggona, wadda a wurinta na fara riƙe kibiyar saƙa tun ina makarantar firamare, har yau ba ta sauka daga kan wannan ra'ayi ba. Duk ranar da ta zo mana daga Tudun Wada ta tarar da jakunkunan saƙata a rataye a bayan ƙofa, sai ta ce, "Ke 'yar nan, taura biyu ba ta taunuwa, ki gama ɗaya tukuna kafin ki ɗora wata." Ni kuwa nakan ce, "To Goggo, na ji, Allah ya ƙara girma," domin ba a musu da babba. Amma a ganina yawan saƙar da ke hannun mutum ba shi ne abin dubawa ba. Abin da ke hana aiki ƙarewa shi ne a samu saƙa biyu masu neman lokaci iri ɗaya, domin a nan ne dole ɗaya ta danne ɗaya. Idan kuwa kowace tana da irin lokacin da ya dace da ita, to babu wadda take cin rabon 'yar'uwarta, kuma a ƙarshen shekara abin da aka gama yakan fi na wadda ta tsaya a kan guda ɗaya yawa.

Goggo ta yi saƙarta a zamanin da take da zama na tsawon lokaci bayan sallar la'asar, a tsakar gida, cikin hasken rana, babu mai kiranta a waya kuma babu inda za ta. Macen da take fita aiki a Kaduna a yau ba haka lokacinta yake zuwa ba. Guntu-guntu yake zuwa, kuma guntayen ba iri ɗaya ba ne. Akwai na jira a layin asibiti ko a bakin Islamiyya kafin a tashi yara, akwai na zama cikin mutane a gidan biki inda baki yake aiki hankali kuma yake rabe, akwai ɗan sararin safiyar Asabar da gida yake shiru, akwai kuma na dare bayan isha'i, wanda sau da yawa an ɗauke wuta sai dai fitilar caji. Wadda take da saƙa ɗaya tak mai wahalar lissafi ba za ta iya taɓa ta ba sai a ɗaya daga cikin waɗannan lokuta, sauran kuwa sun tafi a banza. Wadda tata mai sauƙi ce za ta iya yin ta a ko'ina, amma za ta gundure ta kafin ta kai rabi, kuma hannunta ba zai koyi sabon abu ba.

Yana da kyau a san nauyin aikin da lissafi, domin mutane da yawa, har da masu saƙar kansu, ba sa ƙiyasta shi daidai. Da zare matsakaici da kibiya mai kaurin milimita 4, a kan sami kimanin ido 22 a faɗi da layi 30 a tsawo cikin kowane murabba'i mai santimita 10 a kowane gefe, ido kuwa shi ne ɗan zoben zaren nan da ake zarowa ta cikin wani. Ke nan bargon jariri mai faɗin santimita 80 da tsawon santimita 100 yana cin ido 52,800. Idan hannun mutum yana fitar da ido 25 a minti ɗaya, wanda ba gudu ba ne kuma ba nawa ba ne, bargon zai ci sa'a 35 da 'yan mintuna, ban da warwarar kuskure da ɗinkin baki. Hular jariri kuwa, wadda ake ɗora mata ido kamar 72 a yi layi 36 ana ragewa a sama, ba ta kai ido 3,000 ba, cikin sa'a biyu an gama ta. Wanda ya ga wannan bambanci zai gane cewa ba hikima ba ce a ce hula ta jira bargo, alhali bargon ba ya shiga jakar hannu, hular kuwa tana shiga.

Saboda haka kullum akwai wata ƙaramar saƙa a jakata, wadda hannu ya haddace ta har ba ta bukatar ido ya zauna a kanta. Yawanci hula ce ko safa, a kan kibiya mai igiya a tsakani, irin wadda ake saƙa a zagaye da ita, domin ba ta tsokanar wanda ke zaune kusa da mutum a mota, kuma idanun ba sa zamewa idan an tura ta cikin jaka da gaggawa. Tun da jirgin ƙasa ya fara jigila tsakanin tashar Rigasa da Abuja a shekarar 2016, wannan tafiya ta sa'a biyu da wani abu ta zama mini lokacin safa, domin jirgi ba ya jijjiga hannu kamar motar haya. A gidan suna ko wunin biki ma nakan fito da ita idan zama ya yi tsawo, kuma ban taɓa ganin wanda ya ɗauki hakan raini ba, sai ma ta jawo hira. Gidan gaisuwar mutuwa ne kawai ba na buɗe jakar, ko da za a wuni. Ga masu ɗaukar saƙar kibiya a matsayin abin da Turawa suka ƙirƙiro, yana da kyau su san cewa daga cikin tsofaffin saƙaƙƙun kayan da suka rage a duniya akwai safunan auduga da aka tono a Masar, waɗanda aka yi tsakanin ƙarni na 11 da na 13, masu adon shuɗi da fari, wasu ma da rubutun Larabci a jikinsu. Safa dai ta dace da hannun mai zirga-zirga, ƙarama ce, marar nauyi.

Ita wannan ƙaramar saƙa tana da sharaɗi ɗaya da ba na karyawa, shi ne kada ta zama mai neman lissafi. Da zarar hular ta kai inda za a fara rage idanu, ko safar ta kai dunduniya, ta tashi daga saƙar hira, sai ta koma gida ta jira lokacin natsuwa, wata sabuwa ta maye gurbinta a jaka.

Saƙar natsuwa ita ce wadda nake yi domin kaina, ita ce kuma dalilin da ya sa har yanzu abin bai gundure ni ba. Ita ce mai adon nan da ke kama da tufkar igiya, inda ake ɗauke wasu idanu a kan ƙaramar kibiya ta uku a tsallakar da su ta gaba ko ta baya, ko kuma mai huji-huji irin ta mayafin jarirai, wadda a kowane layi ake ƙara ido a wani wuri a rage a wani. Irin wannan ba ta yafe kuskure. Idan aka tsallake ƙari ɗaya a layi na biyar, ba za a gane ba sai a layi na goma sha biyu, lokacin da adon ya karkace, kuma gyaransa na nufin komawa baya ido bayan ido. Don haka ba na taɓa ta sai da safe a ranakun da babu aiki, kusa da taga, kafin gida ya cika da hayaniya. Ba na kuma yin ta da dare ko da akwai wuta, musamman idan zaren baƙi ne ko shuɗi mai duhu, domin a irin wannan launi ba a bambance saƙar gaba da ta baya, wato idon da aka zaro ta gaba da wanda aka zaro ta baya, sai da hasken rana. Saƙar natsuwa guda ɗaya ce tak a kowane lokaci. A nan ne na yarda da Goggo ɗari bisa ɗari, domin safiyar Asabar ɗaya ce a mako, idan aka raba ta tsakanin ado biyu masu lissafi daban, kai yakan cakuɗa su, hannu ya riƙa kawo lissafin wannan cikin wancan.

Babban aiki, wato bargo ko rigar sanyin babban mutum, shi kuma yanayin gari ne yake yanke masa lokaci, kuma wannan shi ne abin da shafukan saƙa na ƙasashen sanyi ba za su gaya wa mutumin Kaduna ba. Sha'awar saƙa takan motsa wa mutane ne a watan Disamba, sa'ad da hunturu ya kankama, yara suna karkarwa da asuba, kowa yana neman hula da safa. Amma wadda ta ɗora bargo a Disamba ba za ta gama shi ba sai sanyi ya wuce, daga nan kuma ga Maris da Afrilu, watannin da zafi yake kai wa mutum ko'ina, babu mai iya ɗora rabin bargo a cinya ya zauna sa'a guda. Sai a naɗe shi a ajiye, kuma yawancin bargunan da suka mutu a cikin kabad a wannan gaɓa suka mutu. Lokacin babban aiki a garin nan shi ne damina, daga Yuni zuwa Satumba, sa'ad da gari yake da sanyi-sanyi, ruwa yake tsare mutane a gida, fita ta ragu. Abin da ake so a sa a Disamba, a watan Yuni ake ɗora shi, a gama shi kafin ƙarshen Oktoba. Damina ma tana da nata, domin a watan Agusta laima takan sa zare ya riƙa manne wa yatsu yana ja, kuma saƙar da aka rufe cikin leda takan yi warin ruma. Duk da haka ta fi hunturu sauƙi, domin a hunturu yatsu sukan yi kaushi su riƙa kama zaren suna tsattsage shi, ƙura takan mayar da farin zare ruwan ƙasa kafin a kai rabi, busasshiyar iska kuma takan sa zaren roba ya riƙa ƙyas-ƙyas yana manne wa zane. Man kaɗanya yana maganin kaushin, amma da dare ake shafa shi a kwana, domin idan aka shafa aka kama saƙa nan take sai ya bar maiƙo a jikinta. A watannin zafi kuwa nakan koma kan zaren auduga da kwarashi, wato tsinken saƙa guda ɗaya mai ƙugiya a baki, ina yin ƙananan abubuwa irin su shimfiɗar faifai da 'yan murabba'ai da za a haɗa daga baya, abin da ba ya rufe cinya.

Sauya hannu tsakanin kibiya da kwarashi, da tsakanin siririn zare da mai kauri, yana da wani amfani ga jiki. Maimaita motsi ɗaya na tsawon sa'o'i yana gajiyar da wuyan hannu da gindin babban yatsa, zaren auduga kuma ya fi wahalar da hannu saboda ba ya miƙewa kamar ulu. Idan hannu ya fara tsami a kan safa mai kibiyar milimita biyu da rabi, komawa kan bargo mai kibiyar milimita 6 hutu ne, ko da yake aiki ake yi.

Gurbi na huɗu a wurina yawanci a buɗe yake, domin na haihuwa ne. A al'adarmu ranar bakwai ake suna, kuma kwana bakwai ba sa isar mai aiki ta saƙa riga da hula da safa da mayafi. Ga kuma alkunya, wadda takan sa mai ciki, musamman na fari, ba za ta fito ta faɗi watan haihuwarta ba, sai dai a lura a ƙiyasta. Saboda haka nakan ajiye hula da safa 'yan kaɗan a gama, cikin launin da ya dace da mace ko namiji, irin su fari da ruwan ƙwai da kore mai haske, idan an haihu sai in ɗora riga kawai. A nan ne ake dakatar da komai, domin jariri ba ya jira. Kewayen kan jaririn da aka haifa a cikakken wata yana kusa da santimita 35, kafin ya cika shekara ya kai wajen 46, kuma yawancin wannan girma a watannin farko yake faruwa, nauyinsa ma yakan ninka kafin ya cika wata shida. Rigar da aka auna wa ɗan kwana bakwai, idan ta yi jinkirin wata biyu, ta zama ta wani jaririn. Dole kuma a haɗa da lissafin yanayi, domin wanda aka haifa a Afrilu ba ya bukatar rigar sanyi ranar suna, tasa ita ce wadda za ta yi masa daidai a Disamba yana ɗan wata takwas, don haka babba ake saƙa masa, kuma babu gaggawa a cikinta.

Duk wannan bai sa na ce tara saƙa ba shi da hasara ba. Yana da ita, kuma ta farko a hannun mai saƙar take. Tsaurin hannu ba ya zama ɗaya kullum, yana sauyawa da gajiya da natsuwa da irin aikin da hannu ya saba da shi a 'yan kwanakin. Wadda ta saƙa hannun riga ɗaya a Yuli, ta tafi ta yi wata biyu a kan bargo mai kaurin zare, ta dawo ta saƙa ɗayan a Satumba, tana iya tarar da ɗaya ya fi ɗaya tsawo ko faɗi ko da lissafin idanun bai sauya ba. Maganin wannan shi ne duk abin da yake zuwa biyu-biyu, hannuwan riga ne ko safa, a yi su a jere ba tare da an sa wani aiki a tsakani ba, ko a ɗora su tare a riƙa yin 'yan layuka a wannan a koma wancan. Safa ta biyu dama ta yi ƙaurin suna a wurin masu saƙa ko'ina a duniya, saboda ɗokin yakan ƙare a ta farko. Akwai kuma bambanci tsakanin kibiya da kwarashi da ya kamata a kiyaye. A kwarashi ido ɗaya ne kawai yake a buɗe, ana iya zare kwarashin a maƙala fil a ajiye aikin shekara guda babu abin da zai same shi. A kibiya kuwa duk idanun layin a buɗe suke, suna rataye a jikinta, idan suka daɗe a haka sukan miƙe su bar wani layi da ido yake gani a tsakiyar riga, idan kuma yaro ya zare kibiyar, aikin mako guda yana iya zubewa cikin daƙiƙa. Saboda haka saƙar da na san za ta yi fiye da 'yan makonni a ajiye, nakan zura wani zare mai launi daban cikin idanunta da babbar allura, in ɗaure bakinsa, in zare kibiyar. Da haka idanun sun huta, kibiyar kuma ta samu 'yanci, domin in ba haka ba mutum yakan wayi gari ya sayi kibiyar milimita 4 har sau uku alhali duk suna cikin gidan, kowace a soke cikin wani aiki.

Hasara ta biyu ta zare ce, kuma ita ta fi ciwo a aljihu. Ana rina zare ne kashi-kashi a masana'anta, kuma kashi biyu na launi ɗaya ba sa fitowa daidai da juna, shi ya sa zare mai kyau yake zuwa da lambar rini a jikin takardarsa ban da lambar launi. A shago ba a ganin bambancin, sai an saƙa an fita rana ake ganin inda sabon dunƙule ya fara. A kasuwarmu abin ya fi haka tsanani, domin ko a babbar kasuwar Sheikh Abubakar Gumi launin da aka gani yau ba lallai a same shi bayan wata biyu ba, mai shago zai ce, "Hajiya, wannan ya ƙare, amma ga ɗan'uwansa," ɗan'uwan kuwa ba shi ba ne. Dole ke nan a sayi duk zaren da aiki zai ci a rana ɗaya, har da ƙarin dunƙule guda saboda tsaro. Wadda take da aiki huɗu ta zuba kuɗin zare huɗu ke nan a lokaci ɗaya, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 zaren da ake shigowa da shi daga Turkiyya da Sin ya yi tsadar da ba a yi masa sayen ganin dama. Abin takaici ne a ce haka ake ciki a garin da aka san shi da masaƙu, inda masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri tun 1957 a zamanin Sardauna, wasu manyan masaƙu suka biyo bayanta, audugar Funtuwa da Zariya da Gusau tana shigowa, kafin su durƙushe ɗaya bayan ɗaya a farkon shekarun 2000. Ulu na gaske dai dama ba mu da shi, domin tumakinmu, 'yankasa da uda da balami, gashi gare su irin wanda ba ya kaɗuwa. Yawancin abin da ke kasuwa zaren roba ne da ake yi daga sinadaran man fetur, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya fara samar da irinsa a 1941. Yana da amfaninsa ga mai ajiye aiki, domin asu ba ya cinsa kamar yadda yake cin ulu, yana kuma jure wanki, sai dai ba ya son dutsen guga ko kaɗan, da ya ji zafi sai ya saki ya mutu.

Mantuwa ita ce ta uku, kuma maganinta ya fi na sauran araha. Kowace saƙa tana da jakarta, waɗanda tela ya haɗa mini da ragowar atamfa, kuma a cikin kowace jaka akwai 'yar takarda da aka rubuta kaurin kibiya, da yawan idanun da aka ɗora, da layin da aka tsaya, da wanda ake saƙa wa da awonsa, tare da takardar zaren mai lambar rini. Ba na ajiye aiki a tsakiyar layi, ko da ana sallama a ƙofa nakan ƙarasa shi, domin wadda ta dawo bayan wata guda ta tarar da rabin idanu a dama rabi a hagu tana iya juyawa ta koma inda ta fito, ta bar rami a tsakiya.

Akwai wata hanya da saƙa take taruwa a hannun mutum ba da son ransa ba, ita ce roƙon 'yan'uwa da abokan aiki. Da an ga hula a kan yaro sai a ce, "Anti, nawa yaran fa?" kamar abin da ake tsinkowa a bishiya. A al'adar zumunci ƙin amsawa yana da nauyi, amma na lura cewa saƙar da aka karɓa don jin kunya ita ce take daɗewa a jaka, tana kuma ɓata wa mutum daɗin sauran, domin duk lokacin da ya ɗauki wadda yake so sai ya ji kamar bashi yake ci. Yanzu amsata ita ce, "In sha Allahu idan na sauke abin da ke hannuna," kuma ba na karɓar kuɗin zare a gaba, domin karɓarsa alkawari ne. Wanda yake neman rigar sanyi don sanyi kawai, gaskiya ita ce gwanjon Kasuwar Barci ya fi masa sauƙi, domin sau da yawa kuɗin rigar a can bai kai kuɗin zaren da za a saƙa irinta ba. Tun a 1589 wani Bature mai suna William Lee ya ƙera injin saƙar safa a Ingila, kuma tun daga lokacin hannu bai sake yin tsere da inji ya ci ba. Mai saƙar hannu a yau ba don araha ko sauri take yi ba, shi ya sa ba na auna kaina da yawan kwanakin da aiki ya ɗauka.

Inda na fi ganin aiki yana maƙalewa ba a tsakiya ba ne, a bakin ƙarshe ne. An gama gaba da baya da hannuwa, saura a ɗinke su, a ɗebo idanun wuya, a ɓoye bakin zare, a sa maɓalli, sai a ajiye a ce gobe, a ɗora sabuwa. Wannan aiki ba saƙa ba ne, ɗinki ne, kuma yana neman haske da natsuwa, wato yana neman safiyar Asabar ɗin nan da saƙar ado take ci. Don haka duk rigar da ta kai wannan mataki nakan ba ta gurbin saƙar natsuwa, mai adon ta dakata har sai an sa maɓallin ƙarshe.

Wani aikin kuma ba jinkiri ne ya same shi ba, mutuwa ya yi, kuma ya kamata a gane bambancin. Idan damina ta zagayo ta wuce ban ji sha'awar buɗe wata jaka ba, ko yaron da aka auna ya wuce awon, ko launin ya fita daga raina, to warware ta nake yi, kuma ba na jin ciwon hakan kamar yadda mutane suke zato, domin zaren yana nan bai tafi ko'ina ba. Zaren da aka warware yakan fito a lanƙwashe, idan aka saƙa shi a haka aikin ba ya kwanciya. Sai a naɗe shi a bayan kujera ya zama dogon zobe, a ɗaure shi wuri huɗu don kada ya harɗe, a jiƙa shi a ruwa mai ɗumi kaɗan ba tare da cuɗawa ba, a matse a tawul, a rataye a inuwa. Ulu na gaske yakan miƙe da wannan kaɗai, amma ruwan zafi da cuɗa suna dunƙule shi ya zama kamar kirgi. Zaren roba ya fi taurin kai, wani lokaci sai an ɗan nuna shi ga tururin tukunya daga nesa. Da wannan hanya ce ma nake samun ulu na gaske a Kaduna, domin a cikin gwanjo akan dace da rigar da takardar wuyanta ta nuna ulu ce zalla. Abin dubawa kafin a saya shi ne ɗinkin gefenta ta ciki. Idan an saƙa kowane ɓangare daban aka haɗa, za ta warware ta ba da dogon zare mai yawa, har ya isa rigar yaro da hula. Idan kuwa yanka saƙar aka yi da almakashi aka bi bakin da keken ɗinki, kowane layi guntun zare zai fito, irin wannan sai dai a saya don sawa.